Wai da gaske titi zai iya ba mu wutar lantarki? Fashin baƙi kan titin sola da gyaran hanyoyi

Shin da gaske ne za a iya shimfiɗa farantan sola a kan titi a maimakon kwalta, motoci na bi ta kai shi kuma yana ba gari wuta? Wannan tambayar ba ta taɓa mutuwa, duk bayan ɗan lokaci sai wani bidiyo ya sake zagaye Facebook da TikTok, ka ga titi yana sheƙi kamar gilashi, fitilu na kunnuwa da kansu a cikinsa, sai a rubuta a ƙasa wai Turawa sun gama da matsalar wuta mu kuma muna nan muna barci da wannan ranar da Allah ya ba mu. Mutum ya ga haka dole ransa ya sosu, ga rashin wuta ga hanyoyi duk ramuka, sai ya ga ai wannan abu guda zai magance duka biyun. To maganar ba haka take ba. An gwada ɗin da gaske, an kashe kuɗi masu yawa, kuma an ga sakamako, sai dai sakamakon ba ya shiga bidiyon.

Me ake nufi da titin sola tukunna

Abu uku ne mutane ke cakuɗawa. Na farko shi ne wanda ke cikin bidiyon, a ɗauko ƙwayoyin sola irin na farantin da ke kan rufin gida a rufe su da gilashi mai kauri ko wani irin danƙo mai tauri, a manna a kan titi tayar mota ta riƙa taka su kai tsaye. Na biyu ba wuta yake samarwa ba, zafi yake tarawa: ana binne bututai a cikin kwalta ruwa yana zagayawa ciki yana kwasar zafin rana, a adana a ƙarƙashin ƙasa, in sanyi ya zo a ɗumama gidaje ko a narkar da ƙanƙarar da ta rufe hanya. Wani kamfani a Holan mai suna Ooms ya daɗe yana wannan kuma yana aiki, amma dai kun san ɗumama gida ba shi ne damuwar Sakkwato ko Damagaram ba. Na uku kuwa farantan sola ne na yau da kullum a kafa su a gefen hanya, ko a tsakiyar tagwayen hanya, ko a yi rumfa da su a sama, babu motar da ke taka su.

Akwai ma na huɗu da ake yawan ambata, wai nauyin mota in ya danna wasu na'urori a cikin titi su fitar da wuta. An gwada a Isra'ila da Kalifoniya, abin da ke fita kaɗan ne ƙwarai, mu bar shi.

Rigimar duk a kan na farko take.

Waɗanda suka gwada, me suka gani

Faransa na cikin ƙasashen da suka fi zuba kuɗi da baki a wannan harka. A watan Disambar 2016 ministar muhallinsu ta lokacin, Ségolène Royal, ta buɗe titin sola mai tsawon kilomita 1 a wani ƙaramin gari, Tourouvre, a yankin Normandi. Kamfanin Colas ne ya yi, sunan fasahar Wattway, faɗin farantan murabba'in mita 2,800, kuɗin kuma kusan Yuro miliyan 5. Kilomita ɗaya fa, kuma hannu ɗaya na titin. Ministar har cewa ta yi burinsu a shimfiɗa kilomita 1,000 a faɗin ƙasar. An yi lissafin zai riƙa ba da wuta kusan yunit 790 a rana, wato abin da zai kunna fitilun titin garin, amma a shekarar farko ma kusan rabin haka ya bayar, daga nan kuma ya yi ta raguwa.

Abubuwan da suka kashe shi su ne abin lura, don ba wasu manyan abubuwa ba ne. Ganyen bishiya yana faɗowa ya ruɓe a kai ya tare haske. Taraktocin manoman yankin suna bi suna farfasa shi. Danƙon da aka rufe shi da shi ya fara ɓarewa yana tashi. Sannan ƙara, in mota ta bi ta kai ƙarar ta yi yawa har sai da aka rage gudu zuwa kilomita 70 a awa saboda mazauna wurin. Zuwa 2019 jaridun Faransa da kansu suna kiran aikin asara, kamfanin ma ya yarda cewa fasahar ba ta kai a sa ta a hanyar da motoci ke yawan bi ba, ya koma yin ƙananan shimfiɗu na kunna kyamara ko fitila ɗaya. Ga kuma inda lissafin ya fi ciwo: a Faransar dai, a Cestas kusa da Bordo, an gina gonar sola mai megawat 300 a kan kusan Yuro miliyan 360, in ka raba za ka ga kowane kilowat na titin nan ya ci kusan ninki goma na kilowat ɗin gonar, kuma ga shi bai kai na gonar bayar da wuta ba.

Sauran ma kusan labari ɗaya ne. A Holan an buɗe hanyar keke ta sola mai mita 70 a Krommenie a 2014, ta ɗan yi abin kirki a farko don keke ba shi da nauyi, duk da haka saman ya riƙa ɓarewa, da suka gwada irinta a hanyar manyan motoci a 2019 cikin kusan mako guda aka rufe. A Sin an buɗe kilomita 1 a birnin Jinan a ƙarshen 2017, kwanaki kaɗan aka tarar wani sashe ya lalace har aka fara zargin sata ce. A Amurka kuwa wasu mata da miji a jihar Idaho, masu kamfanin Solar Roadways, sun tara sama da dala miliyan 2 daga jama'a ta intanet a 2014, wasu daga cikin bidiyoyin da ke yawo ma nasu ne, amma abin da suka iya shimfiɗawa a garin Sandpoint a 2016 faranti 30 ne a dandalin masu tafiya a ƙasa, kuma da yawa ba su yi aiki ba tun farko.

Me ya sa abin ya ƙi

Ba mugunta ba ce kuma ba rashin ƙwararru ba, abin da farantin sola ke so da abin da titi ke so ne suka yi hannun riga. Faranti yana son gilashi siriri garau mai santsi don haske ya shiga, titi kuwa in ya yi santsi ai kisa ne, dole a yi masa kaushi don taya ta kama musamman in an yi ruwa, kaushin nan kuma shi ke rage haske ya kuma riƙe datti. Faranti yana son a ɗan karkata shi ya fuskanci rana, titi a kwance yake. Faranti yana son iska ta riƙa ratsawa ta bayansa tana sanyaya shi, wanda aka manna a ƙasa ba ta inda iska za ta bi. Sannan inuwa, duk motar da ta wuce ko ta tsaya ta tare rana, kuma yadda ake jona ƙwayoyin sola a jere in inuwa ta rufe kaɗan sai ta ja ƙarfin sauran ƙasa.

Maganar zafi mutane da yawa ba su san ta ba, suna ɗauka yadda rana ta fi ƙuna haka sola ke ƙara ƙarfi. Haske yake ci ba zafi ba. Ana auna ƙarfin faranti ne a digiri 25, duk digiri ɗaya da ya ƙaru a kai yana rasa kusan kashi 0.4 cikin ɗari na ƙarfinsa. Kwalta a watan Afrilu da tsakar rana tana haura digiri 60, ku yi lissafin da kanku.

To ai mu muna da rana, ba kamar Normandi ba

Wannan ita ce hujjar da aka fi kawowa kuma gaskiya akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, bai kamata a yi watsi da ita haka kawai ba. Normandi wuri ne na hadari da hazo, mu kuwa daga Kano zuwa Agadas muna cikin wuraren da suka fi samun hasken rana a duniya. Har ila yau maganar karkatawa ba ta dame mu sosai ba, Kano tana wajen digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, rana kusan ta saman kai take bi, don haka farantin da ke kwance ba ya asara mai yawa kamar a Turai. Masu goyon bayan fasahar suna ƙarawa da cewa titi fili ne da an riga an mallaka, ba sai an karɓe gonar kowa ba ballantana rigimar diyya, kuma kowace fasaha da tsada take farawa, shi kansa farantin sola ai farashinsa ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020.

Amma abin da muka samu ta wajen rana ƙura ta ƙwace. Duk mai sola a gida ya san yadda faranti ke komawa a lokacin hunturu, kwana kaɗan ka hau ka shafa yatsa ka ga layi, batir ya daina cika sai an wanke, kuma wannan a kan rufi ne a karkace inda ba mai takawa. Yanzu a kwantar da shi a hanyar Kano zuwa Katsina, ga yashin da iska ke kwasowa, ga baƙin mai da ke ɗiga daga tireloli, ga kashin shanu, ga taɓon da tayoyi ke ɗebowa da damina, ga mai gyaran mota da zai kafa jak a kai ya bar duwatsun da ya tare taya da su ya yi tafiyarsa. Yashi a ƙarƙashin taya kuma gurzar gilashin zai yi ta yi har ya dushe. Wa zai riƙa wanke kilomita ɗari, da wane ruwan? Batun fili kuwa, Holan ce ke da ƙarancin fili, mu rufin kasuwanni da makarantu da tashoshin mota kaɗai ba mu rufe yawancinsu da sola ba. Ni a ganina ko da farashin ya sauko, farantin da ke gefen hanya shi ma saukowa zai yi, kullum yana gaba.

Abin da ke kashe titi tun farko

Nan ne ainihin maganar take, don ko titin sola ne ko na kwalta ko na kankare, abu biyu ke cin sa: ruwa da lodi.

Titi ba baƙar kwaltar da muke gani ba ce kaɗai, wannan 'yar fata ce a sama da kaurinta bai wuce 'yan santimita ba. Ƙarƙashinta akwai dakakken dutse, ƙarƙashinsa jar ƙasa da aka daddanne da rola, su ne ke ɗaukar nauyin, aikin kwalta ta hana ruwa isa gare su. Ku lura da yadda rami ke farawa. Rana ta gasa kwalta shekara da shekaru ta bushe ta yi 'yar tsaga siririya wadda ko direba ba zai gani ba. Ruwan farko ya sauka ya shiga tsagar ya jiƙa jar ƙasar ta yi laushi. Tirela ta taka, wurin ya ɗan nutse ya dawo, sai ka ga ruwa ja-ja yana tsartuwa daga tsagar, wannan ƙasar titin ce ke fita. Ƙarƙashi ya zama kogo, saman ya farfashe ƙanana-ƙanana, taya ta fara ɗauke ɓarɓashin ɗaya bayan ɗaya, kafin watan Agusta ya ƙare ga rami, direbobi su fara kaucewa ta gefe su cinye kafaɗar titin ita ma. Daga nan sai yara su zo da shebur suna zuba ƙasa suna ɗaga hannu a jefa musu ɗari ko hamsin, ƙasar da ruwan gaba zai wanke.

Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san wannan, kafin damina ake yaɓe a duba indararo, wanda ya bari sai ruwa ya sauka to katanga zai sake ginawa ba yaɓe ba. Indararon titi su ne lambatu da kwalbati. In suka toshe da leda da yashi ruwa ya kwanta a gefen hanya, an gama. A daminar 2024 ambaliya ta yanke hanyar Kano zuwa Maiduguri a cikin jihar Bauchi, matafiya suka koma dogon zagaye.

Lodi kuma lissafinsa yana da ban tsoro. Tsakanin 1958 da 1960 an yi wani babban gwaji a jihar Ilinoi ta Amurka, aka gina hanyoyi aka sa manyan motoci suna ta zagayawa a kai ana auna lalacewa. Abin da aka gano shi ne ɓarnar ba daidai da nauyi take ƙaruwa ba, in ka ninka nauyin da ke kan aksil, wato sandar da ke haɗa tayoyin hagu da dama, sau 2, ɓarnar ninkuwa take kusan sau 16. Aksil mai tan 10 yana yi wa titi ɓarnar da ta kai kusan sau 10,000 na aksil mai tan 1. Ma'ana ƙananan motoci da babura kusan ba su da laifi a mutuwar babbar hanya. Dokar ƙasashen Afirka ta Yamma ta sa iyakar tan 11.5 a aksil guda mai jan mota, in aka yi lodin siminti ko hatsi ko taki ya kai tan 16, wucewa ɗaya ya zama kusan huɗu. Titin da aka tsara ya yi shekara 20 sai ya mutu a 6 ko 7 a ce ɗan kwangila ya ci kuɗi, wani lokacin ya ci ɗin, wani lokacin kuma lodi ne. Kuma direbobin da masu motocin su ma suna da tasu hujjar, ga tsadar gas ga kuɗin da ake karɓa a shingaye, in ba su ƙara lodi ba ba riba, jirgin ƙasan da ya kamata ya ɗauke wannan nauyin kuma bai wadata ba.

Gyara mai ɗorewa, da wa zai biya

In an ce kula da hanya mai ɗorewa ba wani abin mamaki ake nufi ba. Kashi uku ne: na kullum, wato yashe lambatu, sare ciyawa, toshe tsaga da narkakkiyar kwalta tun tana siririya, cike ƙaramin rami, na lokaci-lokaci, wato bayan wasu shekaru a sake shimfiɗa sabuwar fata a sama tun ƙasan yana da lafiya, sai na ƙarshe, sake gini gaba ɗaya, wanda shi ne mafi tsada kuma shi muka fi yi. Bankin Duniya ya fitar da wani rahoto a 1988 cewa ƙasashe masu tasowa 85 sun yi asarar hanyoyi na kusan dala biliyan 45, asarar da gyaran kusan biliyan 12 zai iya hanawa. Dalilin da ya sa ba a yi kowa ya san shi, ba a yanka kirtani a buɗe lambatun da aka yashe, sabuwar hanya ce ake ɗaukar hoto a kai.

Najeriya tana da hanyoyi kusan kilomita 200,000, na tarayya wajen 35,000 ne amma su ke ɗauke da yawancin manyan motoci. An kafa hukumar FERMA a 2002 don gyaran su. Gwamnatin Obasanjo ta rushe tolget-tolget, aka ce za a samo kuɗin ta wajen mai, dokar 2007 ta tanadi kashi 5 cikin ɗari na kuɗin fetur da gas don gyaran hanya amma ba a aiwatar ba, da maganar ta sake tasowa cikin sabuwar dokar haraji a 2025 kuwa mutane suka yi ca, kuma ba za ka ga laifinsu ba bayan cire tallafin mai. A Nijar akwai asusun gyaran hanya na musamman da kuɗin da ake karɓa a shingayen biya, duk da haka duk wanda ya san hanyar Tawa zuwa Arlit ya san yadda manyan motoci suka mayar da ita. Yanzu tolget ya fara dawowa a Najeriya, an fara karɓa a hanyar Abuja zuwa Makurdi ta Keffi da Lafiya a 2025. Ga talaka lissafin shi ne, ko ya biya a tolget ko ya biya a wajen bakanike da ƙarin kuɗin mota da tumatir ɗin da ya ruɓe a hanya kafin ya kai Legas, abin da zai sa ya yarda da na farkon shi ne ya ga kuɗin a kan titin.

Akwai kuma muhawarar kankare da kwalta da ministan ayyukan Najeriya David Umahi ya taso da ita a 2023. Kankare ya fi jure lodi da ruwa, ya fi daɗewa, simintin kuma a gida ake yi alhali yawancin kwalta shigo da ita ake, hanyar Obajana zuwa Kabba da Dangote ya yi misali ce. Amma ya fi tsada a farko, in aka yi shi ba daidai ba gyaransa wahala ne, kuma shi ma in ruwa ya cinye ƙasansa tsagewa zai yi. Wata dabarar da ta fi burge ni ita ce sake amfani da tsohuwar kwalta, inji ya kankare ta ya niƙa a gauraya da ɗan siminti da sabuwar kwalta a mayar, an yi haka a sassan hanyar Abuja zuwa Kano, ana rage fasa dutse da jigilarsa. Indiya kuma tun wajen 2002 suke narka ledar bola cikin kwalta. Sannan akwai tsarin da ake biyan ɗan kwangila ba don ya cike rami nawa ba, sai don hanyar ta zauna ba rami tsawon shekarun yarjejeniya, in rami ya fito a cire masa kuɗi, nan da nan za ka ga ya damu da lambatu.

Inda sola da titi suke haɗuwa da gaske

A gefe da sama. Suwizalan ta sa farantan sola a jikin katangar tare ƙarar motoci a babbar hanyar A13 tun 1989. Jihar Oregon ta Amurka ta kafa su a filin mahaɗar manyan hanyoyi a 2008. A Koriya ta Kudu, tsakanin Daejeon da Sejong, hanyar keke ce a tsakiyar babbar hanya da rumfar sola a samanta, mai keke ya sha inuwa gari ya sami wuta. Faransar da ta ƙone hannunta a Tourouvre ta yi doka a 2023 cewa manyan wuraren ajiye motoci su rufe aƙalla rabin filinsu da rumfar sola.

Wannan na ƙarshen shi ya fi dacewa da mu. Tashar mota, garejin tireloli irin na Mararrabar Jos ko Tafa, tolget, wurin auna nauyin motoci, duk wurare ne da ake buƙatar inuwa da wuta a lokaci guda, ga mai shayi ga mai cajin waya ga mai sayar da ruwan sanyi, kuma akwai mutane dare da rana, wanda shi ne maganin ɓarayin batir da suka kashe fitilun sola da yawa a titunanmu. Gonar sola ta gaske kuma mun riga mun san tana aiki a nan, ga mai megawat 10 a Kumbotso da aka buɗe a 2023, ga ta Gorou Banda kusa da Yamai mai megawat 30, ga ta Malbaza mai 7. Sikelin auna tirela ma wutar da yake ci kaɗan ce, faranti kaɗan da batir sun ishe shi ya yi aiki ko a dajin da ba turken wuta, matsalarsa ɗaya ce, a sami wanda zai ce wa direba ya sauke buhu hamsin kuma ya tsaya sai an sauke.